Yadda ake duba akwatin giyar motar tsere

A cikin motar tseren Formula 1, akwatin giya yana bayan inji ne, kuma a cikinsa ake samun na'urar da makanikai ke kira difarensha, wadda ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya biyu.

Idan mota ta shiga kwana, tayar da ke waje tana cin tafiya mai nisa fiye da ta ciki, don haka tilas ta fi ta saurin juyawa. Difarensha ce ke ba da wannan dama. A motar tsere, direba na iya tsananta ko sassauta riƙonta daga kan sitiyari, gwargwadon yadda yake son motar ta shiga kwana ko ta fita.

Abin da ake dubawa

Makanikai kan fara da man giya. Idan aka tsiyaye shi aka ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki, ko a jikin maganaɗisun da ke kan murfin magudanar, alama ce cewa wani abu na cin ɗan'uwansa.

Daga nan sai a duba haƙoran giya da boris. Akan shafa wa haƙoran wani shuɗin launi, a juya su, domin a ga inda suke haɗuwa. Akwai kuma ruwan da ake zubawa a kan ƙarfe, wanda ke shiga tsagar da ido ba ya gani ya fito da ita fili.

Wajen rufewa, ana kankare tsohon gam ƙal, a sa sababbin robobin tare mai, sannan a ɗaure notuna daidai da awon da aka ƙayyade. Gam ɗin da ya yi yawa kan ɓalle ya toshe hanyar mai.

Hatimin hukuma

Sai dai an daɗe ba a barin makanikai su buɗe akwatin yadda suka ga dama. Daga shekarar 2008, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta wajabta cewa akwati ɗaya ya yi tsere huɗu a jere, kuma takan sa masa hatimi. An mayar da adadin biyar a 2011, sannan shida a 2014. Wanda ya sauya kafin lokaci, akan mayar da shi baya da gurbi biyar a layin tashi. An sake fasalin dokar a 2022, aka kuma soke iyakar a 2025.

Abin da ya sami Charles Leclerc na kamfanin Ferrari a Monako, garin haihuwarsa, a watan Mayun 2021, ya nuna irin cacar da ke cikin wannan doka.

Ya sami gurbin farko ranar Asabar, amma ya daki shinge a ƙarshen gwajin. Ferrari ya duba akwatin, bai ga wata babbar ɓarna ba, don haka bai sauya shi ba, ganin cewa wuce mota a titunan Monako abu ne mai wuya ƙwarai.

Ranar Lahadi, yana kan hanyar zuwa layin tashi sai motar ta ba da matsala. Ashe ɓarnar tana mahaɗin sandar da ke juya tayar baya ta hagu, ɓangaren da bai daki shingen ba. Leclerc bai shiga tseren ba, kuma Max Verstappen na Red Bull ne ya lashe shi.