Nan Madol: Birnin Da Aka Ce Duwatsunsa Tashi Sama Suka Yi

MAI karatu, a wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba. Ka ɗan rufe littafin soyayyar nan da ke hannunka, ka biyo ni zuwa tsakiyar tekun Fasifik, can gabas da ƙasar Filifin, inda ƙananan tsibirai suka warwatsu kamar an watsa wa kaji tsaba. Sunan yankin Maikironeshiya. A cikinsa akwai wata tarayya mai jihohi huɗu, wato Yap da Chuuk da Pohnpei da Kosrae, wadda ta samu 'yancin kai a 1986. Tsibirin Pohnpei za mu, domin a gefensa na kudu maso gabas ne kufan wani birni yake, wanda aka gina a cikin ruwa. Ana kiransa Nan Madol.

Bari in fara kwatanta maka wurin. Ƙananan tsibirai ne kusan 100, kuma ba halitta ba ne, mutane ne suka cike ruwa da duwatsun murjani suka tayar da su. A kansu aka jera dogayen baƙaƙen duwatsu na aman wuta, wannan a miƙe, wancan a gicciye, kamar yadda ake jera itacen wuta. Babu siminti, babu laka. A Nandauwas, inda makabartar sarakuna take, katangar ta kai tsayin mita 7 da rabi. Tsakanin tsibiran kuwa hanyoyin ruwa ne da kwalekwale ke bi, kuma daga nan sunan ya fito, don ma'anarsa ita ce abin da ke cikin tsakani. Wani abin mamakin, babu rijiya babu gona a birnin. Ruwan sha da abinci duk daga tudu ake kawowa. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

To wa ya gina shi? Dattawan Pohnpei sun ce wasu 'yan'uwa biyu ne, Olisihpa da Olosohpa, masana asiri, da suka zo daga yamma a cikin wani babban kwalekwale. Neman wurin da za su kafa wajen bauta suke yi. Suka gwada nan bai yi ba, suka gwada can bai yi ba, har suka iso gaɓar tsibirin Temwen. A faɗar masu ba da labarin, duwatsun nan da asiri aka sa suka tashi sama, suka zo kowanne ya sauka a mazauninsa. Wasu ma sun ce wani dodo mai fiffike ne ya taimaka. Da Olisihpa ya rasu, sai Olosohpa ya zama sarki na farko mai laƙabin Saudeleur, ya haɗe duk tsibirin a ƙarƙashinsa.

Na san daraktocinmu a nan za su tsaya, su ce ai an samu fim: duwatsu na yawo a sama, dodo na shawagi. Amma su mutanen Pohnpei ba nan suka fi ba ƙarfi ba. Abin da suka fi riƙewa shi ne yadda jikokin Olosohpa suka lalace. Na farko-farko an ce adalai ne. Na baya kuwa, tirƙashi! Suka tilasta wa hakimai su baro garuruwansu su tare a Nan Madol, don idon sarki ya kasance a kansu. Nunan fari na kowace gona, da kifi mafi kyau da masunci ya kamo, duk na fada ne. An ce suna da wani kare mai suna Ounmatakai da ke zagaya ƙasa yana kai musu tsegumin wanda ya karya doka. An ce har akwai wanda ya riƙa cin naman mutane a cikinsu. Yanzu ka tuna da maganar ruwan sha. Birnin da ba ya noma, ba shi da rijiya, ai kullum safiya sai wani talaka ya tuƙo kwalekwale ya ciyar da shi. Wannan wahalar ce labarin yake ɗauke da ita.

An ce in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta, kuma ranar Saudeleur ta zo ne ta inda bai zata ba. Sarki na ƙarshe ya yi rigima da Nahnsapwe, wanda a addininsu na gargajiya shi ne ubangidan tsawa, har ya kulle shi. Nahnsapwe ya kuɓuta ya tsere zuwa wata ƙasa da ake kira Katau, wadda da yawa suke ɗauka Kosrae ce. A can ya ba wata mata 'yar danginsa lemun tsami, ta samu ciki, ta haifi ɗa namiji, Isokelekel. Yaro ya tashi da labarin wulaƙancin da aka yi wa ubansa a kunnensa. Da ya kawo ƙarfi, sai ya kamo hanyar Pohnpei da mayaƙa 333.

Ga inda labarin ya burge ni a matsayina na mai nazarin fim. Isokelekel bai shigo da ihu ba. Baƙunta ya nema, aka sauke shi da mutanensa a wani ɗan tsibiri cikin Nan Madol, ana ba su abinci, kowa na kallon kowa. Wasan yara ne ya rikiɗe ya zama faɗa, faɗa ya zama yaƙi. Da yaƙi ya yi zafi har baƙin suka fara ja da baya, sai wani jarumi a cikinsu ya soka mashi a ƙafarsa ya kafe ta da ƙasa, alamar daga nan babu gudu. Suka juyo, suka yi galaba. Saudeleur ya gudu cikin tudu, ya faɗa wani rafi, ya rikiɗa ya zama kifi. Masana na sanya faɗuwar gidan nan wajen ƙarshen ƙarni na 16 ko farkon na 17.

Isokelekel bai ɗauki laƙabin wanda ya kayar ba. Ya zama Nahnmwarki na farko a Madolenihmw, aka raba mulki, aka kafa wani layin sarauta na biyu mai suna Nahnken a gefen sarki. Ƙarshensa kuma akwai ban tausayi. An ce wata rana ya leƙa wani tafki ya ga furfura ta cika masa kai, ya kasa jure ganin tsufansa, ya hallaka kansa. Allah Sarki, jarumi ke nan. Sannu a hankali mutane suka watse daga Nan Madol, daji ya rufe shi. Amma tsarin da ya bari bai mutu ba: har gobe akwai masarautu 5 a tsibirin, Madolenihmw da U da Kitti da Nett da Sokehs, kowacce da Nahnmwarkinta. Ka ga ke nan tatsuniyar ita ce takardar da ke bayyana dalilin da ya sa ba su sake yarda da sarki ɗaya tilo na gargajiya ba.

To me bincike ya ce? A 2016 wani masani, Mark McCoy, da abokan aikinsa suka auna shekarun murjanin da ke cikin ginin Nandauwas, suka gano an fara aikin ne wajen 1180 zuwa 1200. Sun kuma nuna cewa an ɗauko wasu duwatsun daga wani tsauni a ɗaya ɓangaren tsibirin. Wato dai mutanen Pohnpei ne suka yi aikin da guminsu, kuma duwatsun daga nesa suka zo, kamar yadda dattawa suka faɗa.

Wannan yana da muhimmanci, domin an daɗe ana ƙwace musu birnin da alƙalami. A 1919 marubucin Amurka Abraham Merritt ya fitar da littafinsa The Moon Pool, ya mayar da kufan ƙofar shiga wata duniyar dodanni a ƙarƙashin ƙasa. A 1926 James Churchward ya fito da nasa a kan wata nahiya wai ita Mu da teku ya cinye, kuma masu wannan ra'ayin suka dinga nuna Nan Madol a matsayin ɓurɓushinta. Duk sun sayar da littattafai. Amma in ka lura, saƙon da ke ƙasa ɗaya ne: wai waɗannan masuntan ba za su iya irin wannan gini ba.

Shi kansa labarin dattawan da ƙyar ya tsira. A 1854 cutar agana da wani jirgin Amurka ya shigo da ita ta kashe kusan rabin jama'ar tsibirin, kuma kowane tsoho da ya mutu da nasa guntun ya tafi. Ga shi a al'adarsu masani ba ya zazzage duk abin da ya sani. Suna ganin wanda ya faɗi komai ya ƙarar da kansa. Sannan ga 'yan mulkin mallaka bi da bi: Sifaniya, sai Jamus daga 1899, sai Japan daga 1914, sai Amurka bayan 1945. A 1907 gwamnan Jamus, Victor Berg, ya tona wani kabari a Nan Madol, ya mutu nan da nan. Hukuma ta ce zafin rana ne, mutanen gari suka ce ai an gargaɗe shi.

Gwarzona a duk tarihin nan wani ɗan ƙasa ne, Luelen Bernart. Daga 1934 har wajen 1946 ya zauna yana tattara labaran kakanninsa a rubuce da harshensu. A 1977 aka buga fassararsa da Turanci da sunan The Book of Luelen. Ba shi da kamfanin ɗab'i, ba shi da kasuwa, amma yau duk mai son ya yi maganar Saudeleur da gaske sai ya bi ta kansa.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa Nan Madol cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a zama ɗaya ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, saboda laka na toshe hanyoyin ruwan, saiwoyin itatuwan gaɓa na ture duwatsun. Katanga za a iya tokare ta in an samu kuɗi. Labari kuwa sai mai shi ya riƙe. Don haka, mai karatu, duk ran da ka ci karo da fim ko littafi a kan wannan birni, ka duba ko an ambaci Olosohpa da Isokelekel da talakan da ke kawo ruwa a kwalekwale. In babu su, to labarin wani ne daban aka jingina wa duwatsun mutane.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.