Gilles le Bouvier, Mai Shelar Sarkin Faransa

A shekarar 1420, yarjejeniyar Troyes ta raba Yarima Charles da gadon sarautar Faransa, ta miƙa shi ga Sarki Henry na Biyar na Ingila. A wannan shekara ta ƙunci ce yariman ya naɗa Gilles le Bouvier, haifaffen 1386, mai shelarsa, aka laƙaba masa sunan lardin Berry.

Aikin mai shela a wancan zamani ya wuce sanarwa a fada. Shi ke kai saƙon yaƙi ko na sulhu sansanin abokan gaba, ba a taɓa lafiyarsa. Wajibi ne kuma ya san tambarin kowane gidan sarauta, domin da tambari ake shaida jarumin da sulke ya rufe. Gilles ya yi jakadanci har birnin Rum a 1448.

Ya bar tarihin mulkin Charles na Bakwai, da labarin ƙwato Normandi daga Turawan Ingila a 1449 da 1450, da kundin tambura, da littafin bayanin ƙasashe. Ya rasu wajen 1455. Masana tarihi na dogara da shaidarsa, amma cikin lura, domin bawan sarki ne ya riƙe alƙalamin.