Farfaɗo da Mercedes-Benz 600

Mercedes-Benz 600 motar alfarma ce da kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya fara nunawa a Frankfurt a shekarar 1963, ya daina ƙerawa a 1981. Guda 2,677 kacal aka yi. Idi Amin da John Lennon na cikin waɗanda suka mallake ta.

Masu sayen tsohuwarta domin gyarawa sun fi shan wahala da tsarinta na haidirolik. Gilasan taga, kujeru da murfin but duk matsin mai ne ke motsa su, ba lantarki ba. Idan robobi suka tsufa, man yakan yi yoyo, matsin ya ragu. Makanikan da suka iya aikin kaɗan ne, kayan gyaran kuma da tsada, har kuɗin gyara kan zarce na sayen motar.