Ɗan Cin Rani Da Doka

Duk wanda ya bi ta Kalambaina, yamma da birnin Sakkwato, ya ga ma'aikatar siminti wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta fara aiki a 1967, zai ga baƙi daga wurare dabam dabam suna neman abinci. Amma kafin baƙi su zo mana, mu ne baƙin wasu. Da an gama girbi sai samarinmu su ɗauki tabarma da gora, wasu su nufi Kurmi, wasu Gwanja, ba su komowa sai ruwa ya sauka. Wannan shi ne cin rani. To, wace doka ce ke tsare da su a can?

A 1930 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawari a Janiba na hana aikin tilas, Ingila ta sa hannu, amma aka bar ƙofa saboda lokacin yaƙi. Ta wannan ƙofa masifa ta shigo. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai Gwamnati ta umurci En'e-En'e su ɗebo talakawa zuwa haƙar kuza a Jos. Mutane suka sa wa abin suna diban gwamna. Ga sanyin dutse, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa suka gudu, wasu kuwa can aka binne su. Ba a daina ba sai 1944.

Masu tafiya don kansu ma ba su tsira ba. A 1969 Gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. A 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma suka yarda mutanensu su riƙa shiga ƙasashen juna ba tsangwama, amma duk da haka a 1983 mu ma muka kori baƙi, yawancinsu mutanen Gana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yau dokar ƙwadago ta 1974 ta ce kada wata uku su wuce ba a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa ba. Ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai ɗan ga-ruwa da ɗan dako da mai gadi, baki da baki ake ɗaukarsu, ranar rigima ba su da shaida.

Saboda haka, jama'a, wanda zai tafi ya nemi takarda, ko ya kafa shaidu. Mu kuma da muke gida, lebura baƙo in ya zo Kalambaina mu biya shi hakkinsa cikakke, gama namu na can hannun wasu. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.