Daga Takarda Zuwa Titi: Yadda Katun Ya Shigo Duniyar Mutane

Uba da yawa, in ya leƙa ɗaki ya ga zomo mai dogayen kunnuwa a tele, sai hankalinsa ya kwanta: ai na yara ne. Tarihin finafinan da ke haɗa zane mai motsi da mutane na gaske ya nuna cewa wannan kwanciyar hankali tana bukatar gyara.

Dabarar ta tsufa. A 1914 Winsor McCay ya tsaya gaban allon majigi yana ba wata dabba da ya zana, Gertie, umurni, ita kuma tana bi. Daga 1918 Max Fleischer ya fito da Koko, ɗan wasan da ke fitowa daga kwalbar tawada ya hau teburin mai zanensa. Walt Disney kuwa ya juya abin a 1923: yarinya ta gaske, Alice, ya shigar cikin duniyar zane. A 1945 Gene Kelly ya yi rawa da ɓera Jerry cikin Anchors Aweigh. Duk waɗannan burgewa ce, ta wuce cikin ƴan mintuna.

Sai 1988 aka sami labari mai nauyi da aka gina kan dabarar, wato Who Framed Roger Rabbit na Robert Zemeckis. Jeffrey Price da Peter Seaman ne suka rubuta shi daga littafin Gary Wolf na 1981. Sun kai labarin birnin Los Anjeles na 1947, inda ƴan katun ma'aikata ne a masana'antar fim, suna da unguwarsu ta daban, Toontown. Akwai gidan rawar da suke yi wa mutane hidima, amma ba su da izinin zama a matsayin baƙi. Duk wanda ya san yadda aka ware baƙar fata a Amurka ta lokacin ya gane inda aka dosa.

Ƙarfin rubutun yana cikin dokar da ya kafa kuma ya riƙe. Ɗan katun ba ya mutuwa: a sako masa dutse a ka, ya miƙe ya karkaɗe jiki. Sai mugun alƙali Doom ya haɗa wani ruwan sinadari da ke narkar da zane har abada. Da wannan aka sami tsoro na gaske, domin in babu abin da za a rasa, labari ba ya kama zuciya. Manufar Doom ma daga tarihi aka ɗauko ta: ya sayi kamfanin jiragen titi na birnin don ya rushe shi, ya share Toontown, a shimfiɗa babbar hanyar mota. A zahiri jajayen jiragen Los Anjeles sun daina aiki a farkon shekarun 1960.

Fim ɗin ya haɗa Mickey na Disney da Bugs Bunny na Warner a wuri guda, ya kuma ci kyaututtukan Oscar. Amma akwai kisa a cikinsa, da shan giya, da zancen manya, har Disney ta fitar da shi da sunan Touchstone, reshenta na finafinan manya. Wurin da Doom ya tsoma wani ƙaramin takalmi mai rai cikin ruwan nan ya firgita yara da dama.

Mu a Nijar bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi Bon voyage Sim a 1966 da kwaɗi, amma shugabanni masu son tafiye-tafiye da faretin banza yake wa habaici.

Yau lamarin ya ƙara tsanani. Haƙƙin mallakar littafin Winnie the Pooh na farko ya ƙare a Amurka a 2022, a 2023 aka fitar da fim ɗin ban tsoro inda wannan dabbar ke yanka mutane. Mickey na 1928 shi ma ya zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2024. Irin waɗannan suna yawo daga salula zuwa salula, fuskar da yaro ya saba da ita ce a gaba.

Saboda haka malami ko uba ya kalli fim kafin ya miƙa, ya tambayi kansa: wa aka rubuta wa wannan labari, me aka rasa a cikinsa, me yaro zai ɗauka? A aji kuma, ɗaliban kwaleji za su iya gwadawa: a ce Gizo ya shigo kasuwar Maraɗi, wace doka zai bi, me zai sa shi asara? Yaron da ya taɓa rubuta irin wannan zai fara tambayar abin da ake nuna masa.