Asalin Kalma: Leshi

Leshi baƙuwar kalma ce da ta shigo mana daga Turancin Ingilishi, inda ake cewa lace. Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gado ta daga Latin, daga laqueus, wato zarge ko tarko na igiya. Har yau da kalmar suke kiran igiyar takalmi.

Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, sai ya liƙa mata i. To, a Hausa in s ta haɗu da i takan koma sh, kamar yadda gasa ke ba da gashi, ofis ya ba da ofishin gwamna. Shi ya sa ba mu ce lesi ba. A jam'i kuwa s ɗin takan dawo gidanta: lesuka.

Abin lura shi ne, yawancin abin da ake aunawa a kasuwar Kantin Kwari da sunan leshi ba saƙar zare zalla ba ne irin wadda Bature ke kira da sunan. Yadi ne da inji ya yi wa surfani, ya huhhuda shi, wani lokaci a jera masa duwatsu. Garin Lustenau na Ostiriya ya shahara da aiko shi Najeriya tun shekarun 1960, kafin na Sin ya karya farashi.

Yau lefen da babu leshi, dangin amarya sai sun tanka.