Maganin ciwon fata da haske

Wani ciwon fata, kamar kirci mai yawan ƙaiƙayi, ba ya jin man shafawa. A nan likita kan tsayar da majinyaci gaban wata fitila mai fitar da hasken UVB, sau biyu ko ukku a sati, idanunsa kare da tabarau. Da ƴan daƙiƙoƙi ake farawa, ana ƙarawa sannu-sannu har kumburi da ƙaiƙayi su lafa. Dabarar ta daɗe: Niels Finsen na Danmak ya samu kyautar Nobel a kanta a 1903.

Amma fa shiga rana ba ya maye gurbin fitilar, don haske in ya wuce awo ƙone fata yake. Ba a yi wa zabiya. Mai shan wani magani kuma ya faɗa wa likita tukuna.